Gero a Cikin Fadama

Akwai wani mutum, manomi, yana da 'ya'ya maza biyu. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya kira su ya raba musu gonarsa tun yana da rai. Ya ba babban jigawar da ke kan tudu, inda gero yake tsayi har ya ɓoye mutum a kan jaki. Autan kuwa ya ba shi fadamar da ke gangare, inda ruwa yake kwanciya tun farkon damina. Ƙasar wurin baƙa ce mai danƙo, in ka taka sai ta ƙwace maka takalmi.

Uban ya ce, "Auta, kafin ruwan shuka ya sauka, ka zo wurina ka karɓi iri."

Auta ya ce to, amma a baki kaɗai. A zuciyarsa ya riga ya gama shari'a: Baba ya fi son Yaya, shi ya sa ya ba shi gonar kirki, ni kuwa aka jefa mini taɓo. Bai je karɓar irin ba. Ya roƙi wansa irin gero, ya ce a ransa sai ya nuna wa kowa cewa shi ma namiji ne.

Ya shuka, geron ya tsiro gwanin sha'awa. Da ruwa ya kankama, sai ganyen ya koma rawaya, saiwar ta ruɓe, gonar ta cika da kukan kwaɗi. Mutanen gari kuwa, kun san su ba sa rasa abin faɗa, suka sa masa suna Sarkin Kwaɗi. In ya wuce sai su ce, "Ranka ya daɗe, yaya talakawa?" Yakan yi yaƙe ya wuce, amma maganar tana cin ransa.

A shekara ta biyu ya haƙa magudanai don ya kori ruwan. Ruwan ya fita ta can, ya ɓuɓɓugo ta nan. A ta uku ya sa wa jakinsa mangala, rani guda cur yana jidar yashi daga tudu yana zubawa, wai sai fadamar ta zama jigawa. Bayan jakin ya yi gyambo, shi kansa ya rame. Abin da ya girbe a shekarar bai kai su ko wata biyu ba, matarsa ta koma kai ƙwarya gidan wansa ana auno musu hatsi.

Kada ku ce rago ne. Duk garin ba wanda yake riga shi fita gona. Ni dai tausayinsa nake ji, gama ba gajiyar da ta kai ta mutumin da yake aiki da dukan ƙarfinsa don ya zama wani.

Cikin shekarun nan uku, uban ya aika a kira shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amsar kullum ɗaya ce: "A ce masa ina da aiki." In ya bi ta bayan gidan uban, yakan hangi tsohon a sunkuye a wani ɗan lungu inda ruwan rijiya yake kwarara, yana ta cire ciyawa. Sai ya kau da kai ya ƙara sauri.

Da damina ta huɗu ta matso, Auta ya ɗaure kayansa. Ya yanke shawara zai bar gonar, ya bar garin, ya tafi ƙodago inda ba wanda ya san sunan da aka sa masa. Sai ya je ya yi wa ubansa sallama. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ga gonarka na mayar maka. Na yi iyakar yina. Ko ita ce ba ta da albarka, ko ni ne ba ni da ita." Ya ƙara da cewa, "Me na yi maka da ka ba ni taɓo?"

Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya dogara sandarsa ya tashi, ya ce, "Biyo ni." Ya kai shi ɗaki, ya buɗe wata tukunya da aka liƙe bakinta, ya ɗebo abin da ke ciki ya zuba masa a tafin hannu. Irin shinkafa ne.

Ya ce, "Wannan ne na ce ka zo ka karɓa. Iri yana mutuwa in ya daɗe a ajiye, shi ya sa kowace damina nake shuka shi a lungun can na bayan gida, in girbe, in sake zubawa, ko za ka zo."

Auta ya tsaya yana kallon irin da ke hannunsa.

Uban ya ce, "Ni na haife ku, na san ku. Wanka mai zafin nama ne, jigawa ce daidai da shi. Kai kuwa tun kana ƙarami, in ka sunkuya a kan abu ba ka ɗagowa sai ka gama, ruwa da laka ba sa damunka. Ba saura na ba ka ba, Auta. Na dube ka, na dubi gonar, na ga kun dace."

Auta ya fashe da kuka, irin kukan da babban mutum yakan yi in ya daɗe yana haɗiyewa.

Kada ku zaci washegari ya wayi gari da rumbu cike. Sai da ya kwashe yashin da ya jida da hannunsa, mangala bayan mangala, ya toshe magudanan da ya haƙa. Kowace safiya yakan biya wurin uban ya yi tambaya, gama bai san komai a kan shinkafa ba. Shekarar farko tsuntsaye suka ci rabonsu, suka ci nasa. Amma wani abu ya sauya. Matarsa ta ji shi yana waƙa a cikin laka, abin da ba ta ji ba shekara uku. Masu ce masa Sarkin Kwaɗi kuwa yakan amsa musu da dariya, "Talakawa suna gaishe ku."

Da kaka ta biyu ta yi, matarsa ta tuƙa tuwon sabuwar shinkafa, shi da kansa ya ɗauka ya kai wa uban. Tsohon ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Na daɗe ina jin yunwar wannan tuwo."

Ma'anar wannan misali ita ce, uban nan Allah ne, gonar kuwa kai ne, ke ce, yadda ya halicce ku da halinku da baiwarku. Geron ba mugun abu ba ne, rabon wani ne. Yashin kuwa shi ne duk abin da muke jibga wa kanmu don mu yi kama da wanda ake yabo.

Da yawa a cikinmu muna zaune a kan waɗannan bencuna na coci muna fushi da Allah a ɓoye saboda taɓon da ya ba mu. Wani bakinsa yana da nauyi, in an ce ya yi addu'a a gaban jama'a gumi yake karyo masa, sai ya ɗauka ba shi da amfani a ikkilisiya. Alhali in ya zauna kusa da marar lafiya, shirunsa ya fi wa'azina warkarwa. Wata hawayenta a kusa yake, tun tana yarinya ake mata dariya, tana ta ƙoƙarin taurare zuciyarta. 'Yar'uwa, kada ki toshe wannan ruwa. Akwai gwauruwar da ba ta da wanda zai yi kuka tare da ita sai ke.

Ba ina cewa mu kira zunubi baiwa ba. Ciyawa ciyawa ce, a jigawa ko a fadama, dole a nome ta. Amma ba za ka san wanne ne ciyawa, wanne ne shuka ba, in ba ka tambayi mai gonar ba. Auta bai gane kansa ta wurin kallon wansa ba, bai kuma gane kansa ta wurin sunan da gari ya sa masa ba. Ya san ko shi wane ne ranar da ya durƙusa a gaban ubansa ya faɗi abin da ke ransa, har da fushin. Haka mu ma, a gaban Uba, ta wurin Yesu Almasihu, cikin addu'a da sauraron Maganarsa, kowace safiya, kaɗan kaɗan.

Watakila kana cewa shekarunka sun tafi, ka jidi yashi da yawa. Gaskiya ne, kwashe shi zai ci lokaci, bayanka zai yi ciwo. Amma duk shekarun da kake wucewa kana kau da kai, Ubanka yana nan a sunkuye yana raya irinka don kada ya mutu. Ya aika a kira ka sau da yawa, yau ma ga shi ya aiko. Wace amsa zan kai masa? In ce kana da aiki?