Jan Salatif a Bakin Tanki

A Bawku, bayan tashar manyan motoci, akwai wani mai gyaran jikin mota da ake kira Mudasiru. Hannunsa na da albarka. Motar da ta lotse kamar gwangwanin madara, in ta kwana biyu a garejinsa sai mai ita ya wuce ta bai gane ta ba. Ga shi da biyayya: tun da idanun mahaifinsa, Baba Mukaila, suka rufe, shi ne jagoransa, shi ke kai shi masallaci tsohon na dafe da kafaɗarsa. Aibinsa guda ne, amma fa babba. In Mudasiru ya faɗi magana a gaban mutane, ko da sama za ta haɗu da ƙasa ba zai janye ta ba.

Wata shekara ya sayo wata tsohuwar mota daga tashar jiragen ruwa ta Tema, irin masu rai biyu ɗin nan, fetur da batir, da ake ce wa haibirid. Da ya bar ta yadda ta zo, da babu labari. Amma ya saba kallon motocin tsere na attajiran duniya a wayarsa, sai ya ɗaura niyyar mayar da tasa haka. Ya sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa. Ya sa mata faffaɗan tayoyi, ya ƙera mata fiffike a baya, ya fesa mata fenti ruwan lemo. Matarsa Zalia ta zagaya ta, ta ce ita dai kunkuru take gani ya sha kwalliya. Amma gaskiya motar ta yi kyau, duk inda ta tsaya sai mutane sun fito da wayoyinsu.

Abin da ya fi kyan motar daɗi a bakin Mudasiru shi ne wata lamba. Kamfanin da ya ƙera ta ya ce tana yin kilomita ashirin da biyar da lita ɗaya, hukumar can ƙasarsu kuma ta sa hannu. Ya haddace lambar nan fiye da lambar wayarsa. Ko gaisuwa ka zo yi, ba za ka tafi ba sai ka ji ta.

Razak, bakaniken da ke kusa da shi, shi ne bai yarda ba.

"Masa, wannan lamba na Turai ne," in ji shi wata ranar Alhamis, ana shan shayi ("masa" a bakin mutanen can kamar a ce "maigida" ne). "Titinsu kamar faranti yake. Kuma kai ka ƙara mishi kaya, ka sa mishi manyan takalma. Motan nan zai sha mai kamar kowa."

Aka fashe da dariya, dariyar kuwa ta ƙona Mudasiru. Nan take ya ce a juye tankin, a zuba lita ashirin kacal, zai bi ta Yendi ya kai Salaga bai ƙara ko ɗigo ba. Aka juye, aka zuba. Razak ya manna jan salatif a kan murfin tankin, ya sa hannu da biro, aka ɗauki hoto. Ba a sa kuɗi ba, ba a sa komai ba, magana ce kawai. Aka tsayar da cewa ranar Asabar zai tafi shi kaɗai.

To, Salaga ba baƙon gari ba ne a gidansu. Can aka haifi Baba Mukaila, cikin zuriyar fataken goro, kafin cinikin albasa ya kawo shi Bawku. Can kuma ya bar amininsa, Malam Garuba. Lungunsu ɗaya, malaminsu ɗaya, bulalar da ta daki wannan ita ta daki wancan. Tun suna samari suka yi alkawari cewa duk wanda ya riga ɗan'uwansa, ɗayan ne zai tsaya gaba ya sallace shi. Da wasa aka fara, tsufa ya mayar da shi gaskiya. In suka yi waya, Garuba kan ce, "Mukaila, har yanzu kana nan? Na wanke rawanina tun bara ina jiranka." Sai tsofaffin biyu su yi ta dariya har tari ya sarƙe su.

Da asubar Juma'a waya ta yi ƙara. Ummul-Khair ce, 'yar Malam Garuba, tana kuka. Malam ya cika. Ta ce ya bar wasiyya kada kowa ya sallace shi sai Mukaila, don haka dangi za su jira har la'asar. Fiye da haka ba zai yiwu ba, lokacin zafi ne.

Baba Mukaila bai yi kuka ba. Ya ce a ɗauko masa farar rigarsa. Motar haya ba za ta kai su a kan lokaci ba, saboda haka babu zaɓi sai ta Mudasiru.

"Baban Taslima, ka cika tanki kafin ku bar gari," in ji Zalia ga mijinta, tana miƙa masa ruwa da kunu a leda.

"To," ya ce.

Tsohon ya fito yana lalubar jikin motar yana neman ƙofa, sai yatsunsa suka faɗa kan salatif ɗin.

"Wannan fa?"

"Ado ne, Baba."

Suka wuce gidajen man Bawku ɗaya bayan ɗaya. Mudasiru ya ce wa zuciyarsa ai tafiyar ɗaya ce, da Asabar da Juma'a duk hanyar ce. In allurar mai ta yi ƙasa sosai, ga Yendi nan a gaba.

Hanya kuwa ba ta san da zaman wata takardar kamfani ba. Suka hau dutsen Nakpanduri injin na gurnani. Suka shiga jar ƙasa da ramuka, inda motar da aka sauke dole ta riƙa rarrafe tana goga ciki. Ya kunna sanyi saboda tsohon. Baba Mukaila na gefe yana ta ba da labarin Garuba: ranar da suka faɗa tsohuwar rijiya suna bin zabuwa, da yadda Garuba ya sayar da kekensa ya yi masa jinya a shekarar da ya kwanta. Yana faɗa yana murmushi, yana shafa carbinsa. Mudasiru na amsawa da "Allah sarki," idonsa na kan allurar mai.

Sun isa Yendi ana kiran salla. Suka tsaya a wani gidan mai da ke da ɗan masallaci, kasancewarsu matafiya suka yi azahar ɗinsu a nan. Motar na fake dab da famfo. Matar da ke sayar da man ta ɗaga tiyo ta ce, "Masa, a zuba?"

Mudasiru ya ɗora babban yatsansa a kan salatif ɗin. Farce ɗaya ya isa. Amma sai ya ji dariyar Razak a kunnensa, ya ga hoton nan yana yawo a wayoyin mutanen gareji. Ya leƙa allon motar, allon ya nuna masa man zai kai, da ƙyar dai amma zai kai.

"A'a, bar shi," ya ce mata.

Da ya zaunar da tsohon ya ɗaura masa bel, Baba Mukaila ya juyo da fuskarsa wajen muryar ɗansa.

"Mudasiru, akwai mai isasshe?"

"Akwai, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Mu je, kada mu bar shi yana jira."

Sun bar Bimbilla ba da nisa ba fitilar mai ta kunna. Nan ma da ya juya da an tsira, amma allon na ta ba shi ƙwarin gwiwa, shi kuma yana son a ba shi. Sai lambar sauran kilomitocin da ke allon ta fara zubewa da sauri fiye da tafiyar da suke yi. Gumi ya jiƙe masa riga duk da sanyin motar. Can a tsakiyar gonakin doya injin ya yi shiru, motar ta ci gaba da sulalewa ba ƙara.

"Ta yi shiru," in ji tsohon.

"Haka take yi, Baba. Batir ne ya karɓa."

Tsohon ya gyaɗa kai, don ya sha jin ta tana yin hakan a cikin gari. Suka ɗan taɓa tafiya. Daga nan ta rage gudu, ta rage, ta tsaya cik.

Mudasiru ya fita ya yage salatif ɗin da hannunsa, ba Razak, ba mai ɗaukar hoto, sai kunyoyin doya. Hanyar ta daɗe ba kowa. Daga baya wani manomi ya ɓullo a kan babur, ya tausaya musu, ya karɓi galan ya tafi neman mai a ƙauyen da ke gaba. Tsohon ba ya iya zaman babur, ballantana a wannan nisa. Mudasiru ya shimfiɗa masa darduma a inuwar wata kaɗanya, ya tsaya yana kallon rana tana karkata, ji yake kamar ya riƙe ta da hannu.

La'asar ta yi musu a nan. Suna idar da salla waya ta yi ƙara. Ummul-Khair ce. Ta ce an fito da Malam, sahu ya cika, an bar gaba babu kowa, liman na tambaya ko sun kusa. Baba Mukaila ya miƙo hannu, ya karɓi wayar.

"'Yata, ki gaya wa liman ya shiga gaba," ya ce a hankali. "Kada a wahalar da shi saboda ni. Ku kai shi makwancinsa."

Ya mayar da wayar. Ya zauna, hawaye na gangarowa daga idanun nan da ba sa gani, suna shiga farin gemunsa. Mudasiru bai taɓa ganin abin da ya karya masa zuciya irin wannan ba.

Sai daga baya manomin ya dawo da mai. Sun shiga Salaga rana ta yi ja, mutane na dawowa daga maƙabarta. Motar da ta saba tara jama'a, ranar ba wanda ya ko kalle ta. Baba Mukaila ya ce a kai shi kabarin. Mudasiru ya kai shi. Tsohon ya durƙusa ya shafa ƙasar, da sauran damshinta. Ya daɗe yana addu'a, sannan ya ce, "Garuba, na zo. Na makara, amma na zo da farar rigar. Ka yafe mini."

Mudasiru ya zube a gefensa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Baba, ni ne. Man bai ƙare don kansa ba, ni na ƙi zubawa."

"Na sani," in ji tsohon. "Na taɓa salatif ɗin tun a Bawku. A Yendi na ji matar nan ta tambaye ka, na ji amsar da ka ba ta. Shi ya sa na tambaye ka da kaina."

"Me ya sa ba ka tsawata mini ba, Baba?"

"Ka ce akwai. Ni ba ni da idon da zan duba allura, Mudasiru. Naka nake gani da shi."

Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Tsohon ya share fuskarsa da bakin rawani, ya yunƙura ya tashi. Ya miƙa hannu cikin iska yana lalube, har ya sami kafaɗar ɗansa, ya dafa ta kamar kullum.

"Tashi ka kai ni, mu yi wa yaran ta'aziyya," ya ce.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Lambar da kamfani ya rubuta a kan shimfiɗaɗɗen titi aka gwada ta, ba kaya, ba rami, ba hawan dutse. Ka ɗauke ta a matsayin labari, ka bar wa hanyarka ta gaya maka gaskiya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, kada tsoron dariyar abokai ya sa ka kafe a kan maganar da idonka ke nuna maka ta rushe. Dariyar gareji kwana biyu ce ta wuce, amma jana'iza ba a maimaita ta. Kuma in akwai wanda ke gani da idonka, tsoho ne ko yaro, mata ce ko abokin tafiya, to in ya tambaye ka, ka gaya masa abin da allura ta nuna, ba abin da kake so ta nuna ba.