Mutum na Talatin da Ɗaya

A ƙauyenmu da ke kudancin Holan, dab da iyakar Jamus, an yi wani mutum mai suna Funs Kleijnen. Shekara talatin da huɗu ya yi yana bi gida-gida yana karanta mitar ruwa, har ya yi ritaya. Iyakar saninsa da lambobi ke nan, amma a ganinsa wannan ya isa ya ɗora shi a kan kowane likita. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". In ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya gaya maka ɗigo nawa ya sauka. Shi ne kuma shugaban 'yan badujalar ƙauye, ba don ya fi kowa iya busa ƙaho ba, sai don ya fi kowa baki a wurin taro.

Da annobar korona ta zo aka kulle gari, kowa ya shiga zulumi, amma Funs kakarsa ce ta yanke saƙa. Ya sami wani faffaɗan kwali ya manna a tagar falonsa da ke kallon titi. Kullum in an faɗi adadin waɗanda suka kamu da waɗanda aka kwantar a asibiti, sai ya ɗauko jan alƙalami ya ɗiga ɗigo, ya ja layi. Masu yawo da karnuka su tsaya daga nesa suna dubawa, shi kuwa ya buɗe taga ya yi musu lacca kyauta. Nan ya samo sunan Farfesa. Da ba'a aka raɗa masa, shi kuwa hannu bibbiyu ya karɓa.

Tun a watan Fabrairu, kafin a kulle gari, bayan bikin Karnaval, Funs ya yi kwana huɗu yana tari da zazzaɓi, kamar yadda rabin ƙauyen kan yi duk shekara bayan an kwana uku ana rawa cikin sanyi. Daga baya ya yanke wa kansa hukunci cewa korona ce ya yi, ya kuma warke. Don ya sami abin nunawa, ya sayo wani ɗan abin gwaji ta intanet, ya huda yatsa ya ɗiga jini. Takardar da ke ciki ta ce in layi biyu suka fito, jiki yana da garkuwa. Layi ɗaya ne ya fito ɓaro-ɓaro. Funs ya ɗauko gilashin da yake duba tsofaffin kan sarki da shi, ya kai abin bakin taga, ya juya dama ya juya hagu, har sai da idonsa ya ƙago masa wata inuwa.

Ya ƙwala wa matarsa kira: "Bertien! Zo ki gani. Layi biyu."

Bertien ta goge hannu, ta sa tabarau ta duba. "Ni ɗaya nake gani."

"Ke dama me kike gani? Ga shi nan, siriri."

"To Farfesa, in layin siriri ne, ai garkuwar ma siririya ce."

Bai kula ta ba. Ya jefa abin a aljihun gaban riga, kuma daga ranar ya fi katin shaida zama a jikinsa.

A watan Mayu aka fara sassauta kulle. Yara suka koma makaranta, masu aski suka buɗe shaguna. Ko'ina ka je maganar ɗaya ce: wasu na cewa an yi gaggawa, cutar za ta dawo, wasu na cewa an gaji, a bar mutane su sha iska. A benci na ƙofar shagon Tjeu mai aski, inda ake jiran layi kowa nesa da ɗan'uwansa, Funs ya kafa majalisa.

"Ku saurare ni," in ji shi. "Layina ya gangaro tun tsakiyar Afrilu. Me ya sa? Don duk wanda zai kamu ya riga ya kamu. Ƙauyen nan gaba ɗaya mun yi ta a Karnaval. Cutar ta zagaya ta rasa wanda za ta kama."

Tjeu ya leƙo da almakashi a hannu. "A rediyo sun ce ko kashi goma cikin ɗari ba su kamu ba. Sun ce zaman gida ne ya saukar da layin."

"Su wa? Yaran da ba su taɓa karanta mita ko ɗaya ba? Kai dai yi askinka, Tjeu, ka bar lissafi ga masu shi."

Ya ciro abin gwajin nan ya ɗaga sama. Daga nan ya bi mutanen benci ɗaya bayan ɗaya yana miƙa musu hannu, wanda ya noƙe ya kira shi matsoraci. Haka ya riƙa yi a kasuwa da layin gidan burodi, ba takunkumi, ba wanke hannu. Abin takaici shi ne akwai masu yarda da shi, don mutum in ya gaji da tsoro, duk wanda ya ce masa babu komai malami ne.

Funs yana da wa guda ɗaya, Harie. Harie ya yi aikin haƙar kwal yana saurayi, kafin a rufe ramukan, kuma ƙurar ta bar masa huhu kamar tsohuwar raga. Shi ya koya wa Funs busa ƙaho, shi ya kai shi ƙungiyar badujala. Mako tara ke nan shi da matarsa Fien ba su taka waje ba. 'Yarsu Marloes, ma'aikaciyar jinya, ita ke ajiye musu cefane a bakin ƙofa ta gaishe su ta taga. A cikin watan nan kuma Harie da Fien za su cika shekara hamsin da aure.

A wurinmu in ma'aurata suka cika hamsin, 'yan badujala kan yi ado su je ƙofar gida su busa musu. Bayan busa a shigar da su ciki, a yanka vlaai, kek ɗin 'ya'yan itacen nan namu, a zuba kofi, shugaba ya yi wa amarya sumba uku a kumatu. Marloes ta zo ta sami Funs, ta tsaya a bakin shinge.

"Baffa, ranar Asabar ina aiki, ba zan samu zuwa ba. Don Allah ku busa daga titi. Baba da Mama za su zauna a bakin ƙofa. Ba shiga gida, ba musabaha, ba sumba. Ka san yadda ƙirjin Baba yake."

"Ke yarinya, ni za ki koya wa? Ina da garkuwa."

"Ban tambaye ka garkuwa ba, Baffa. Alkawari nake nema. Ni nake ganin yadda masu cutar suke mutuwa."

"To na ji. Na yi alkawari." Da ta juya ya taɓe baki ya ce wa Bertien, "An ba ta farar riga ta zaci ita ta ƙirƙiro magani."

Ranar Asabar da safe Funs ya kurɓi kofi ya ture kofin. "Wannan ruwan zafi ne kika ba ni?"

"Kofin da kake sha kullum ne. Ƙamshinsa ya cika gida."

"Ni ban ji ƙamshin komai ba."

Bertien ta tsaya cak. "Funs, ai sun ce rashin jin ƙamshi da ɗanɗano alama ce. Jiya ma na ji kana gyaran murya. Ka zauna a gida, su busa ba kai."

"Bikin yayana, a yi ba shugaba? Mai garkuwa ba ya kamuwa sau biyu. Ki dai canja inda kike sayen kofi."

Ya sa kakinsa mai maɓallan tagulla, ya ɗauki ƙaho ya fita.

Da farko komai ya tafi daidai. Mutum goma sha biyu suka jeru a titi, kowa da tazararsa. Harie da Fien suka zauna a bakin ƙofa da bargo a gwiwa, Harie yana buga ƙafa yana share ƙwalla. Suna cikin waƙa ta biyu sai yayyafi ya fara, kafin a ankara ya zama ruwa sosai. Wasu suka fara mayar da ƙahoninsu cikin jaka. Funs ya dubi sama, ya dubi garejin Harie, ya tuna bai yi jawabin da ya kwana uku yana shiryawa ba.

"Kowa ya shiga gareji! Yaya, taso, kada sanyi ya kama ka."

Fien ta ce, "Funs, Marloes fa ta ce..."

"Marloes ba ta nan. Ni na san lissafin abin nan. Duk wanda ke nan ya riga ya yi cutar."

Harie ya dubi matarsa. Amma mutum ne da bai iya ce wa ƙanensa a'a ba, ga kewar mutane ta ishe shi. Ya tashi. Aka ja ƙofar gareji saboda feshin ruwa, aka ƙarasa waƙa uku a ciki, ƙahoni goma sha biyu suna feso iska a ɗakin da mota ɗaya ke cika shi. Funs ya yi jawabinsa na minti ashirin, rabinsa a kan layin da ke tagarsa. Ya kama Fien ya yi mata sumba uku. Ya rungume Harie ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Kun gani? Ga garkuwa tana aiki!" Da aka yanka vlaai ya gatsa ya yamutsa fuska, ya ce mai gidan burodi ya manta sukari. Kowa ya dube shi, don zaƙi har ya yi yawa.

Ranar Litinin zazzaɓi ya kayar da Funs. Likita ya sa aka yi masa gwaji na gaskiya, wanda ba ya bukatar gilashin kan sarki, ya nuna korona ce, sabuwa fil. Cikin mako guda mutum bakwai daga garejin nan suka kwanta. Funs ya yi tari na kwana biyar ya miƙe, irin mutanen nan dama cuta ba ta cika zama a jikinsu ba. Fien ta sha wuya ta tashi. Harie kuwa motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi na'ura tana yi masa numfashi. Matar da ya yi shekara hamsin da ita ba ta samu riƙe hannunsa ba. 'Yarsa ce kaɗai ta tsaya a kansa, cikin rigar leda da takunkumi, har rai ya yi halinsa.

Ko a nan Funs bai saduda ba. Ya ce wa Bertien wataƙila daga jakar cefane Harie ya ɗauka. Bertien ta dube shi, ta tashi ta bar masa falon.

A lokacin doka ta ce mutum talatin kawai za su shiga coci wurin jana'iza. Funs ya goge takalma, ya rubuta jawabin ban kwana shafi uku. Ana gobe jana'iza Marloes ta zo, ta tsaya a bakin shingen nan da ta tsaya a da, da takarda a hannu.

"Mama ta rubuta sunayen mutum talatin. Inna Bertien tana ciki."

"Ni kuma a gaba zan zauna, ko? Ga jawabina."

"Ba ka ciki, Baffa."

"Kamar yaya? Uwa ɗaya uba ɗaya muke! Kun yi kuskuren ƙirga."

"Ba kuskure. Ga takardar, kai ne gwanin lissafi, ƙirga da kanka."

Ya karɓa. Ya bi sunayen da yatsa sau biyu. Akwai Tjeu mai aski. Akwai mai gidan burodin da Funs ya ce ya manta sukari. Talatin cif.

Marloes ta karɓi takardarta. "Abu ɗaya na roƙe ka," in ji ta, ta juya ta tafi.

Washegari da hantsi Funs ya tsaya shi kaɗai a falo, a bayan kwalinsa. Motar gawa ta biyo ta titinsu a hankali. 'Yan badujala suna biye, kowa da tazararsa, suna busa waƙar da Harie ya koya masa yana ɗan shekara tara, kuma wani ne a gaba a matsayin shugaba. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi tagar. Da suka wuce ya sa hannu ya ɓamɓare kwalin. Sai ya ga ashe ko a lissafin nasa jan layin bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Ya zauna ya yi kuka, kukan da bai dawo da kowa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma sau da yawa ba wuyan mai shi kaɗai yake shaƙewa ba. Ganin cuta ta lafa ba shi ne ta tafi ba, kuma abin da zuciyarka ke so ya zama gaskiya ba ya zama gaskiya don ka ɗaga murya. In masu sani suka yi maka gargaɗi, ka saurara. In aka ba ka amanar mai rauni, ka riƙe alkawari ko da kana ganin ka fi kowa wayo. Faɗin "ban sani ba" bai taɓa kashe kowa ba, amma girman kai ya sa Funs ya rasa ɗan'uwansa, ya kuma rasa ko wurin tsayawa a bakin kabarinsa.