Tsinken da Ba a Zare Ba

Akwai wani mutum, manomi, wanda gwaurayen ƙauyensu suka ba shi ajiyar irin shukarsu. In irin nan ya salwanta, damina za ta zo ta wuce, gonakinsu ba ko tsiro.

A ƙasar kuwa akwai kafintoci da suka haɗa kai suna yin ƙofofi kyauta. Ba sa ɓoye aikinsu. Kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ɗauka. Kowace ƙofa da makulli mai ƙarfi a jikinta, sai dai sukan toshe shi da ɗan tsinke don kada ƙofar ta kulle ana cikin kafa ta. Suna gaya wa kowa, "In ka kafa, zare tsinken."

Mutumin ya kafa tasa a ɗakin ajiya, ya ja da baya yana yaba kyanta, maganar tsinke kuwa ta bi iska. Bawan Allah har kasuwa yake zuwa yana fahariya da ƙofar.

Ran nan ya dawo daga gona da rana tsaka, sai ya tarar da ƙofar a wangale. Iya Saratu, ɗaya daga cikin gwaurayen, tana zaune a kan buhu, riƙe da igiyar akuyarta.

"Iya, wa ya buɗe miki?"

"Akuyata ce ta tura da kai, na biyo ta," in ji tsohuwar. "Ɗana, ƙofar da akuya ta buɗe, ɓarawo zai sha wahala ne? Maganar tsinken nan shi ma ya ji ta."

Kunya ta rufe shi. Ya duba buhunan, bakin guda kawai akuyar ta taɓa. Suna fitowa ya zare tsinken, ƙofa ta kulle gam. Da ruwa ya sauka, kowace gwauruwa ta yi shuka.

Ma'anar wannan misali ita ce: kyauta ba ta tsaron kanta. Matasanmu masu aikin kwamfuta sun sani, manhajar da ake rabawa kyauta don saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan jama'a, takan zo da tsaronta a ciki, amma sai mai ita ya kunna. Haka Ubangiji ya ba mu Maganarsa da addu'a, ba mu biya ba, mu kuwa muna yabon kyautar, ba ma aiki da ita. Kuma ba kayanmu kaɗai ke ɗakin ba, akwai amanar waɗansu.

'Yan'uwa, wanda akuya ta riga ɓarawo zuwa ƙofarsa, jinƙai aka yi masa. Yau irin yana nan. Ku je gida ku zare tsinken.