Ranar da Gidan Sarki Ya Zama Kango

A wani zamani da ya shuɗe, tun garuruwa na cikin ganuwa, an yi wani Sarki mai tausayin talakawa, sai dai mai saurin yarda da majalisarsa. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, katangar wani kango ta faɗo wa mata biyu suna dawowa daga rijiya, ko shurawa ba su yi ba. Abin ya girgiza Sarki. Ya umarci Waziri Cindo da majalisa su tsara doka: duk kangon da ba mai shi, a rushe, a ba wanda zai gina.

To, a garin akwai ƙungiyar masu gidaje, wato dillalan filaye da magina da attajirai masu ba fatake haya, shugabansu Sarkin Dillalai Na'iya. Mutane ne masu fara'a da yawan gaisuwa. Ba su da wurin zama a majalisa, amma da majalisa ta tashi, su za ka tarar a zauren kowane babba.

Da aka gama tsara doka, Magatakarda ya kira Sankira Barmo, dattijon da ya shekara talatin yana yi wa Sarki shela, ya karanta masa don ya haddace: "Kango shi ne duk gidan da ba a yi wa katangarsa yaɓen makuba ba cikin kwana arba'in daga ɗaukewar ruwa. Za a fitar da na ciki, a ba mai ikon ginawa."

Barmo ya saki baki. "Malam, maimaita mini."

Aka maimaita.

"Innalillahi! Yau fa kwana talatin da bakwai da ɗaukewar ruwa!"

Magatakarda ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni dai abin da aka ce in rubuta na rubuta."

Kai jama'a! Gidan Barmo kansa, can Unguwar Masaƙa, yaɓen ƙasa ne zalla, ga rai goma sha ɗaya a ciki. Haka duk unguwar take. Ya ruga kasuwa neman makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana katanga zaizayewa. Tsohuwar da ke sayarwa ta ɗaga masa hannu wofi.

"Ai yaran Na'iya sun kwashe ta kaf tun watan jiya."

"Tun watan jiya, Iya? Tun kafin a rubuta dokar?"

"Wace doka kuma?"

Barmo ya bar kasuwa bai sami ko ɗigo ba. Amma shelar Sarki ba a ajiye ta, dole ya bi gari yana faɗa, mata na salati a bayan katanga. A zagayen nan ne idonsa ya buɗe. Gidan Waziri na sheƙi da sabuwar makuba. Gidan Alƙali haka, na Ma'aji haka, har na Liman. Kuma a saman ƙofar kowane zaure zane iri ɗaya ne, aikin hannu ɗaya, na maginan Na'iya. Barmo ya tsaya ya riƙe haɓa, ya ce, "Ashe!"

Ya san in ya kai ƙara ta hannun Waziri, nan za ta mutu. Sai ya zagaya bayan fada, ya duba tsohuwar katangar gabas da kyau, ya dawo ƙofar fada da hantsi, fadanci ya cika, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa:

"Ku ji, jama'a! Sarki ya gaishe ku! Nan da kwana uku gidan Sarki kango ne, mai ikon ginawa ya zo ya ɗauka!"

Tirƙashi! Dogarai suka yi masa ca, suka kai shi gaban Sarki, rawaninsa a warware.

Sarki ya ce, "Barmo, hauka ka yi?"

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, a bar ni in yi tambaya ɗaya, sannan a yanke mini hukunci. Wurin da rai goma sha ɗaya ke kwana, ana hura wuta safe da yamma, mene ne sunansa?"

"Gida."

"Takardarka ta ce kango, Zaki, in babu makuba. Katangarka ta gabas ma babu."

Sarki ya sa aka karanta masa dokar daga farko har ƙarshe, abin da bai yi ba ranar da ya buga hatimi. Fuskarsa ta sauya. Ya miƙe ya ce Barmo ya wuce gaba, suka fita da ƙafa, majalisa na biye, kowa zufa na keto masa. Gida bayan gida Barmo na nuna zanen, Sarki na salati. A ƙofar gidan Waziri ya tsaya.

"Waziri, wa ya yi maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, gaisuwa ce. Na'iya da jama'arsa ba su roƙi komai ba. Shawara kawai suka ba mu kan ma'anar kango, tunda su ne masana gini."

"Kuma ba wanda ya ce a'a a cikinku? Har Liman?"

Da Waziri ya ga ba mafita, sai ya ce a hankali, "Allah ya ja zamaninka, mun ga daga fada aka fara, shi ya sa muka karɓa."

Sarki ya juya ya dubi fada. Ga sabon soronsa can ya fi ko'ina tsawo, wanda ƙungiyar ta gina masa gaisuwar Sallah, wanda ya yi ta nuna wa baƙi yana jin daɗi. A goshin soron ma ga zanen nan. Wallahi Barmo ya ce bai taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ran nan.

Nan take Sarki ya yanke hukunci. Ya soke dokar, ya ce kango shi ne gidan da ba kowa a ciki, ba wata ma'ana. Ya tuɓe Waziri da Sarkin Dillalai. Ya umarci ƙungiyar ta fito da makubar da ta ɓoye, ta yaɓe Unguwar Masaƙa da sauran gidajen talakawa da hannunta. Ya kuma hana duk mai zama majalisa karɓar ko tubali ɗaya daga mai gini. Barmo ya durƙusa, hawaye na zuba, don iyalinsa za su kwana a gidansu.

Sannan Sarki ya ce a kawo diga. Ya naɗe hannun riga, ya je gindin soron nan, ya kai masa sara na farko da kansa, ƙasa ta zubo masa a rawani.

Ya juyo yana haki. "Barmo, gyara rawaninka ka koma gari. Ka faɗi sunan duk wanda ya karɓi gaisuwar nan, ɗaya bayan ɗaya."

"Da wa zan fara, Zaki?"

"Da ni."

Haka aka yi, kuma iyakar abin da ya zo mana ke nan na wannan labari.