Tsallen Anti Dorothy da Idon Yagana

Akwai wata malama a wata makarantar firamare da ke Wunti, yara suna kiranta Anti Dorothy. Mace ce mai ƙwazo, sai dai in ta kama abu, to ta kama ke nan.

Ta je wata bita, ta dawo da sabon salo. Wai in yaro ya taɓa gwiwar hagu da hannun dama, ya yi tsalle, ya murza kunnuwa, ƙwaƙwalwarsa za ta buɗe. Kullum da safe sai ka ji ajinta dim-dim, kamar ana daka.

A ajin akwai Yagana, doguwar yarinya da ke zama can baya saboda tsayinta. Karatu ya ƙi ta sam. Babanta, Malam Ɗanlarai tela, ya riga ya yanke magana: "In zangon nan ya ƙare ba ta iya ba, shago za ta dawo ta koyi sa maɓalli. Ba kowa aka yi don boko ba."

Yagana kuwa tana son makaranta kamar me.

Da yake doguwa ce, Anti ta naɗa ta shugabar motsa jiki, ta dawo da ita bencin gaba don ta riƙa fitowa da sauri. Ikon Allah! Kafin wani lokaci sai ga Yagana tana haɗa baƙi, tana karanta abin da ke allo.

Ai fa Anti ta samu abin faɗa. Har shago ta bi Malam Ɗanlarai. "Baban Yagana, ka gani ko? Tsalle ne ya buɗe mata kai!"

Ya sauke ƙafa daga keken ɗinki. "Tsalle? To ai a gida ma ba ta zama wuri ɗaya, me ya hana kan buɗewa tun tuni?"

"Wannan na ilimi ne," in ji ta.

Ana nan, sai sauran yara suka ce su ma suna son shugabanci. Anti ta naɗa wata, Yagana ta koma bencinta na baya. Shi ke nan, karatu ya tsaya cak.

Kan Anti ya ɗaure. Ta ƙara tsalle, shiru. Ta ƙara murza kunne, har kunnen yarinya ya yi ja, shiru. Ta ce ko da hagu take farawa maimakon dama? Aka gyara, duk a banza. Wasu yaran suna gaba, wasu suna baya, kuma duk tsalle ɗaya suke yi. Kai, abin ya dame ta, ga jarrabawa ta matso.

Wata safiya ta je bayan aji don ta gyara wa Yagana hannu. Cikin fushi ta ce, "Karanta min abin da ke allo!"

Yagana ta ƙanƙance ido, ta daɗe. Can ta ce a hankali, "Anti, akwai rubutu ne?"

Anti ta kama hannunta. Ta ja ta gaban allo, yarinya ta karanta tas.

Da aka gaya wa Malam Ɗanlarai, dariya ya yi. "Haba Malama! Jiya tsalle, yau ido? Yarinyar da ita ke zura min zare a allura? Duk gidana ba mai idonta."

Abin da ya ruɗa kowa ke nan. Na kusa tana gani sarai, na nesa ne hazo. Ita kuma ta ɗauka haka kowa yake gani.

Da ƙyar Anti ta lallashe shi suka je asibiti, aka ba Yagana tabarau. A hanyar dawowa, suna cikin keke napep, tun daga tsallaken titi yarinya ta ƙwala ihu: "Baba! Ga sunanka can! Ɗan-la-rai Te-la!"

Allon shagonsa ne, wanda ta yi shekaru tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Bawan Allah ya kau da kai yana share ido da hula. Maganar sa maɓalli ba ta sake tashi ba.

Da suka sauka ya ce, "To Malama, tsallen nan, yana aiki ko ba ya yi?"

Anti ta ce, "Yana korar barci, wannan na gani. Sauran kuwa, gaskiya ban sani ba. Na murza kunnen 'yarka wata guda, ban taɓa tambayarta me take gani ba."

Darasi: In abu ya gyaru, kada ka yi saurin rantsuwa cewa maganinka ne ya yi aiki. Motsa jiki yana da daɗi, amma kafin ka ce yaro daƙiƙi ne, zauna inda yake zama, ka tambaye shi abin da yake gani. Ku tura wa malamai da iyaye, wataƙila akwai wata Yagana a bencin baya.