Saƙar Bahaguwa

Wannan labari yana da ruwaya uku, kuma na saurari kowace. Akwai ta direban da ya kai mu, wanda yake ƙara mata tsawo duk shekara, har ya wayi gari shi ne gwarzon cikinta. Akwai ta mutanen Damagaram, wadda babu ƙarya a cikinta, sai dai ba su san farkon al'amarin ba. Wadda na dogara da ita ita ce ta Furera Haladu, domin mun wajabta wa kowace ɗaliba ta rubuta abin da ya same ta a kullum, kafin mantuwa da son zuciya su taɓa shi. Na gwada littafinta da kundin da na riƙe a matsayina na jagoran tafiya, ban sami kwanan wata ɗaya da ya saɓa ba.

Ranar Asabar, biyar ga Maris, 1988, muka tashi daga Gumel da 'yan mata goma sha biyu na ajin ƙarshe na sakandare. Musayar ɗalibai ce tsakaninmu da wata makaranta a Damagaram: namu su yi mako uku a can, nasu su zo mana bayan azumi. Ba a ɗakin kwanan makaranta za su sauka ba. Kowace yarinya an ba ta gidaje uku, ta yi mako guda a kowane, ta ci abin da suke ci, ta tashi lokacin da suke tashi. A wancan zamani gaisuwa ta fi takarda tsawo a kan iyaka. Yaran suna waƙa tun daga Maigatari har muka hango duwatsun gari. Yanzu an daina wannan musaya, kuma ban san wanda ya amfana da dainawar ba.

Furera kakarta ta wajen uwa ce ta rene ta, Iya Hansatu, wadda aka haifa a wani ƙauye gabas da Damagaram, aure ya kawo ta Gumel. Ta baro ƙanwa guda ɗaya a gida, ana ce mata Auta. Da mahaifiyarsu ta rasu an aiko da saƙo, amma bai iso ba sai bayan damina biyu, a bakin wani falken kanwa da ya faɗe shi cikin hira. Hansatu ta rasa da wane ido za ta je gaisuwar mutuwar da ta shekara biyu. Ta ce sai kaka, kaka ta wuce. Ta ce sai baɗi. Kunyar tana ƙaruwa tana hana ta, har farin da aka yi ya watsa ƙauyen, ba wanda ya san inda Auta ta nufa. Shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar a lokacin tafiyarmu, tsohuwar kuma tari ya kwantar da ita tun sanyi.

Da Furera ta je sallama ta ce, "Iya, me zan kawo miki daga ƙasarku?"

"Ke da ko ruwa ba kya kawo mini sai kin zubar da rabi? Ki dai dawo da ƙafafunki biyu." Sai da yarinyar ta kai bakin ƙofa sannan tsohuwar ta ƙara da cewa, a hankali, "In kin ga ƙasar, ki gaishe ta."

Gida na farko na Hajiya Sahura ne, matar wani attajiri a unguwar Birni, mace mai ido da yawan tsokana. Furera ba ta iya zama hannu sake ba, don haka in ta dawo daga lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta a can, sai ta ɗauko kabarta da basilla ta hau saƙar faifai. Ran kwana na uku Hajiya ta tsaya a kanta.

"Ke 'yar Ingilishi," in ji ta, don haka suke kiran mutanenmu a can, "da wane hannu kike cin tuwo?"

"Da dama, Hajiya."

"To me ya sa saƙarki take zagayawa ta hagu?"

Furera ba ta taɓa sanin cewa ta bambanta da kowa ba. Ta ce haka Iya ta koya mata, ita ma Iya haka ta koya daga mahaifiyarta, wadda bahaguwa ce, ta zaunar da 'ya'yanta biyu a gefenta suka kwaikwayi hannunta yadda yake. Hajiya ta shiga ɗaki, ta taka kujera, ta sauko da faifan da ke can ƙololuwar jerenta, wanda mahaifiyarta marigayiya ta saya mata a hannun wata baƙauyiya lokacin aurenta. Shekara ashirin da shida ba wanda ya isa ya taɓa shi. Aka ajiye fayafayan biyu kusa da juna: zagaye ɗaya ta hagu, ga kuma ɗinki uku na jar kaba a bakin kowane, a daidai inda saƙa ta ƙare. Hajiya ta goge faifan da gefen mayafinta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora mata a cinya.

"Ashe ba nawa ba ne," in ji ta. "Ajiya aka ba ni."

Sai dai ba ta san sunan mai saƙar ba, ba ta san garinta ba, ba ta ma san ko tana da rai ba.

Gida na biyu na Madam Barira ne, ma'aikaciyar jinya mai yawon allurar rigakafi a ƙauyuka bisa ƙaramin babur. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta yi wa Furera alkawarin komai ba. Ta dai karɓi faifan ta sa shi cikin jakar aikinta. Duk garin da ta shiga, in mata sun yi layi da goyonsu, sai ta ɗaga shi ta ce, "Kafin ki miƙo mini hannun yaron nan, duba wannan. Kin san mai shi?" Kwana shida tana haka, ƙauye goma sha tara bisa lissafin Furera, uku daga ciki ba sa cikin zagayen aikinta. Ran Talata tayarta ta fashe, ta turo babur cikin rairayi tun azahar har la'asar sakaliya, ƙafafunta suka yi bororo, washegari ta sake fita. Ran Alhamis wata tsohuwa ta shafa faifan ta ce, "Ai wannan hannun makauniyar Tudun Ƙirya ne."

Ran Juma'a Madam ta goya Furera a bayan babur suka tafi. Suka tarar da Auta zaune a gindin bishiyar bedi, idanunta sun rufe shekara tara. Ta saurari bayaninsu har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni kaɗai na yi jinyar uwata, ni kaɗai na yi mata zaman makoki. Sau uku na aika. Ban san wata Hansatu ba. Ku sha ruwa ku kama hanya kafin rana ta faɗi."

A shafin wannan rana layi ɗaya kawai Furera ta rubuta: "Na gan ta, har yadda take karkata kai irin na Iya ne."

Gida na uku na Inna Tasalla ne, mai sayar da fura a bakin tasha, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗakinta biyu da rumfa. Ta ga yarinya ba ta cin abinci, ta tambaya, aka gaya mata. Washegari ta zo wurina da kanta ta roƙi a ɗaga wa Furera karatu kwana uku. Na yi jinkiri, sannan na yarda, kuma na rubuta cewa na yarda ne ba da son raina ba. Tasalla ta kife ƙwaryar sana'arta, abin da ba ta taɓa yi ba ko ranar salla, ta ɗaure gero a ƙulli, ita da Furera suka shiga motar kasuwa zuwa Tudun Ƙirya.

Auta ta gane takun yarinyar. Ta ce, "In maganar nan kika zo da ita, ajiye ta a waje."

Tasalla ta ce, "Ban zo da magana ba, Yaya, da gero na zo. Baƙuwa ce ni, a ba ni masauki."

Kwana biyu Tasalla ba ta ambaci Gumel ba. Ta yi surfe, ta yi daka, ta dama fura, ta share tsakar gida, ta yanke wa tsohuwa farce, ta yi mata kitso suna gulmar matan zamani. Furera ta ja ta gefe ta ce, "Inna, kwanakin suna ƙarewa fa." Ta ce, "Ke dai yi saƙarki." Ran kwana na uku da la'asar ta zare faifan da Furera ba ta gama ba, ta ɗora a hannun Auta.

"Yaya, duba mini bakin nan, kamar ya karkace."

"Makauniya kike ba dubawa? Lalle kin rasa aikin yi."

Tana dariya yatsunta suna bin saƙar. Suka bi zagaye na farko, suka bi na biyu, sai dariyar ta tsaya. Ta laluba ta karɓi basilla, ta yi ɗinki huɗu ko biyar a inda yarinyar ta tsaya, hannun bai bambanta ba.

"Har yanzu Hansatu tana matse zagaye na uku?" in ji ta. "Innarmu ta sha bugun hannunta a kan haka."

"Har yanzu, Kaka."

Nan ne Tasalla ta ce, "Furera, gaya wa kakarki yaushe saƙon mutuwa ya isa Gumel, da bakin wanda ya kai shi." Furera ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Sannan Tasalla ta ce, "Ni ma ina da wa, muka yi shekara goma sha ɗaya ba ma magana. Ranar da na sauke fushina na tafi, na isa ana dawowa daga maƙabarta. Ban ce ki je ba, Yaya. Abin da ya same ni na faɗa."

Auta ta ci gaba da saƙa har ta kai bakin faifan, ta nemi jar kaba, ta yi ɗinki uku. Sannan ta ce, "Motar taku tana da wurin tsohuwa?"

Kundina ya nuna cewa ranar Asabar, ashirin da shida ga Maris, mun dawo da ɗalibai goma sha biyu da tsofaffi biyu, domin Tasalla ta ce ba za ta bar makauniya a hannun yara ba, ita ta riƙe mata hannu har ƙofar ɗakin Hansatu, da ƙarfe biyar saura minti ashirin na yamma. Ina tsaye a zaure, na ji abin da suka fara faɗa wa juna bayan duk waɗannan shekaru. Hansatu ta yunƙura daga kwance ta ce, "Auta, kin tsufa." Auta ta ce, "Ni ban ga naki ba, Allah Ya rufa miki asiri." Sai kuka ya biyo baya, na koma waje. Suka zauna ɗaki ɗaya wata huɗu da kwana tara. Hansatu ta rasu ranar huɗu ga Agusta, kanta a cinyar ƙanwarta.

Bayan shekara goma sha ɗaya Furera ta haifi 'ya mace, bayan ta yi shekara bakwai da aure ba haihuwa, likitoci kuma suka tabbatar mata cewa daga wannan ba wata. Sunan Hansatu da na Auta an riga an mayar wa 'ya'yan yayyenta. Mijinta ya bar mata zaɓi, ita kuma ta daɗe da yi wa kanta alkawarin cewa 'yarta za ta ci sunan uwar masaukin da ta haɗa kakanninta. Ta aika Damagaram, duka ukun suka zo. Sai ta ga suna ɗaya ne, mata uku.

Ranar jajiberen suna, bayan la'asar, aka zauna a tsakar gida. Wasu suka ce Hajiya Sahura, domin dubban idanu sun ga saƙar Furera ba wanda ya lura sai ita, kuma ta rabu da abu na ƙarshe da hannun mahaifiyarta ya miƙa mata. Wasu suka ce Madam Barira, domin faifai ba ya tafiya da ƙafarsa, da ba don ita ba da ya koma Gumel a ƙasan akwati, ba a san ko Auta tana duniya ba. Wasu suka ce Inna Tasalla, domin an riga an gano tsohuwar ta kuma ƙi, ita ce ta zauna har zuciyar ta buɗe, ta tona ciwon kanta a gaban baƙi don a tsira daga irinsa. Su ukun kuwa kowace tana tura wa 'yar'uwarta. Hajiya ta ce ita kujera kawai ta taka. Madam ta ce aikinta ne ya bi da ita ta can. Tasalla ta ce, "Ni ku rufa mini asiri, kada a sa wa yarinya sunan mai fura ta tashi tana jin haushina." Furera tana rungume da jaririyar, tana duban wannan tana duban waccan, hawaye yana zuba mata.

Waɗanda suka halarci zaman su ne: mijin Furera, Malam Sa'idu Ɗanjuma, mahaifinta, Haladu Maikano, ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Ladidi, limamin unguwa, Malam Zubairu, matan nan uku, da ni, Mu'azu Ɗantsoho, marubucin wannan bayani. Sunan da aka raɗa washegari yana cikin kundina, amma ba zan buɗe shafin ba sai na ji hukuncinku.

To, jama'a, tsakanin wadda ta gane, da wadda ta gano, da wadda ta shawo kai, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?