Koren Yajin Inna Ladingo

A can baya da nisa, tun ana auna lokaci da inuwa, an yi wani sarki a wani birni da ke gaɓar babban kogi, sunansa Jatau. Mutum ne adali, ba mai yawan magana ba, kuma a shekara ashirin da biyu da ya yi kan gado ba a taɓa jin ya nemi wani abu don kansa ba. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi wata guda. Da ya tashi, sai abinci ya fita ransa fit. A kawo tuwon shinkafa da miyar kaji, ya kau da kai. A kawo gasasshen rago, ya taɓa da yatsa ya ce a ɗauke. Ciwo ya tafi, amma Sarki na ta ramewa, har riga ta koma kamar an rataye ta a jikin sanda.

Wazirinsa Barmo, tsoho ne da ya san Sarki tun yana cikin tsumma, ya same shi shi kaɗai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, an yi rubutu ka sha, an jiƙa saiwoyi ka sha. In akwai abin da ranka ke so, ko a ƙarshen duniya yake, ka faɗa mini."

Sarki ya ce, "Kunya ce ta hana ni faɗa, Waziri, don ba abincin sarakuna ba ne. Koren yajin Inna nake so, a kan gasasshiyar karfasa. Tun da na tashi daga ciwon nan nake jin ƙamshinsa, in waiwaya in ga ba kowa."

To, sai na ɗan koma da ku baya. Sarki Jatau ba a fada ya tashi ba. Yana da wata bakwai a duniya aka sa wa mahaifinsa guba a fura, ya rasu. Barmo, lokacin yana saurayi cikin fadawa, shi ya saci jaririn ya kai shi wani ƙauyen masunta, tafiyar kwana uku a kwalekwale, ya damƙa shi ga wata mai goyo ana ce da ita Ladingo. Ita ta shayar da shi tare da 'yarta Tasalla, ta sa masa suna Baƙo. Da ya shekara goma sha takwas aka kawar da azzaluman da suka kashe uban, aka zo aka ɗauke shi aka naɗa. Tun daga nan kowace shekara yakan ce zai je ya ga Inna, kowace shekara sarauta ta riƙe shi. Zannuwa da goro yake aikawa, a dawo a ce ta gode. Shekara uku ke nan da aka kawo labarin rasuwarta, ko ta'aziyya bai samu zuwa ba.

Shi kuwa Barmo, da yake ya ga gawar uban da idonsa, ranar da aka ba shi waziranci ya kafa doka biyu. Ta farko, abinci daga waje ba ya ƙetare ƙofar fada, ko wa ya kawo shi. Ta biyu, duk abin da Sarki zai ci sai an rufe shi an kai wa mai ɗanɗano ya ci, sannan a kafa mashi a tsakar gida a jira inuwarsa ta gusa taki uku. In mai ɗanɗano yana nan daram, a shigar. Saboda haka shekara ashirin da biyu Sarki bai sa abu mai zafi a baki ba, kuma bai taɓa cewa uffan ba.

Waziri ya ce, "Ai Tasalla na nan da ranta. A aika mata."

Sarki ya ce, "Da wane ido zan dube ta? Kada a aika."

Sai aka yi shela: duk wanda ya haɗa wa Sarki yajin ɗanyen ganye irin wanda yake kwatantawa, an ba shi gida da gona.

Uwar Soro, shugabar matan gidan Sarki, ita ta fara gwadawa. Da ta ji an ce ɗanye sai ta ɗauka zafin ciwo ne ya sa Sarki suɓutar baki, don a ganinta ɗanyen ganye na awaki ne. Ta ɗora tukunya, ta zuba man shanu da daddawa, ta dafa ganyen rabin yini. Sarki ya lasa ya ce, "Wannan miya ce, kuma ta yi daɗi. Ba ita nake nema ba." Bayanta wani bafatake ya zo da garin busassun ganyaye iri bakwai daga ƙasashen gabas, kowanne da sunansa mai wuyar faɗa, ya kwaɓa su da ruwa. Wannan kam atishawa kawai ya sa Sarki.

Sai wani babban malami ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, abin da kake nema ba a turmi yake ba. Ƙuruciyarka kake nema, ita kuwa ba ta dawowa." Sarki ya ce, "Wataƙila ka yi gaskiya, Malam." Daga ranar ko kunun da yake ɗan kurɓa ya daina. Ni dai da malamin ya shawarce ni, da na ce ya riƙe hikimarsa sai mutum ya ƙoshi.

Da Waziri ya ga abin ya kai haka, sai ya saɓa wa Sarki karo na farko a rayuwarsa. Ya tura kwalekwale a ɓoye. Bayan kwana shida sai ga Tasalla, mace doguwa mai furfura jefi-jefi, da ɗan ƙaramin turmi a ka. Aka shigar da ita madafar fada, aka ba ta kifi, ta gasa, ta daka yajinta ta zuba. Aka rufe akushi, mai ɗanɗano ya ci har yana lashe yatsa, aka kafa mashi aka jira. Waziri bai gaya wa Sarki ko wa ya haɗa ba, yana so harshe ya shaida da kansa.

Aka buɗe akushi gaban Sarki, sai ga wani abu baƙi-baƙi kwance cikin ruwa a kan kifi mai sanyi. Ya ɗanɗana, ya ture. Ya ce, "Ya so ya yi kama, shi ya sa ya fi sauran ciwo. Ku bar wahalar da mutane, Waziri. Tare da Inna aka binne shi."

Waziri ya koma wurin Tasalla, ya ce, "Baiwar Allah, ko kin manta haɗin mahaifiyarki ne?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai dai in manta sunana. Yaushe ya ci?"

Ya gaya mata dokar mashi. Ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta ce, "Zauna, Baba. Zan sake yi a gabanka."

Ya zauna a kan kujerar tsugune, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ta wanke ɗoɗɗoya da lansir da lawashin albasa, ta baza su a faifai a inuwa har ruwan ya tsane. Ta fara daka tafarnuwa da gishiri suka yi laushi, ta jefa ɗanyen barkono biyu. Ganyen ba ta sa masa wuƙa ba, da hannu ta tsittsinka, ta ce ƙarfe na ɓata masa rai. Ta ɗan ƙwanƙwasa shi sama-sama, ta tsiyaya man riɗi, sai a ƙarshe ta matse lemun tsami. Ta janye karfasa daga garwashi tana tsuwa, ta zuba a kai. Ƙamshi ya tashi ya cika madafa, yajin kuwa kore shar.

Waziri ya gutsura ya ci. Ya sake gutsura.

Ta ce, "To yanzu rufe sauran, ka kafa mashinka."

Ya rufe, suka zauna suna kallon inuwa. Da ta gusa taki uku ya buɗe, ya ga irin abin da aka kai wa Sarki. Tasalla ta ce, "Wannan yajin ba ya jira. Daga turmi sai kifi, daga kifi sai baki. Gawarsa kuka kai masa."

Waziri ya jinjina kai. Can wani abu ya faɗo masa a rai, ya ce, "Kwana uku kika yi a ruwa, kuma ba a noman ɗoɗɗoya a lambun fada. A ina kika samo ta haka lumbu-lumbu?"

Ta ce, "A ƙofarku, jikin katanga, hannun dama. Inna ce ta dasa ta. Shekara bakwai da suka wuce ta ce tana jin ƙarfinta na tafiya, tana so Baƙo ya ci daga hannunta ko sau ɗaya. Ta shuka ganyen a fasasshiyar tukunya don kada ya yi yaushi a hanya, na tuƙo ta muka zo. Dogarai suka ce abinci ba ya shiga. Ta faɗi sunanta, suka ce kowa ma haka yake cewa, amma za su kai maganar gaba. Suka dawo suka ce Waziri ya ce doka doka ce. Kwana uku ta yi zaune a nan. Ran na huɗu ta juye tukunyar a gindin katanga ta danne da ƙasa, ta ce ko ba komai in ya wuce zai ji ƙamshi. Ta kuma hana a gaya wa 'yan aike, wai kada a tayar masa da hankali."

Waziri ya tuna. An ce masa wata tsohuwa ce da ganye a tukunya, shi kuwa ko sunanta bai tambaya ba. Ya ji duniya ta yi masa ƙunci, ya tashi ya fita.

Da safe fada ta cika, an tallafo Sarki an zaunar. Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na kawo ƙara. Wani bawa ne ya ga an zuba wa ubangidansa guba a rijiya. Don ƙaunar ɗan ubangidan sai ya gine rijiyar, ya sa ƙofa, ya riƙe mabuɗi. Guba ba ta sake shiga ba, amma ga ɗan nan ƙishirwa na shirin kashe shi. Uwarsa ma ta zo masa da ruwa a ƙwarya, bawan ya kore ta. Mene ne hukuncinsa?"

Sarki ya ce, "A karɓe mabuɗin. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma korar uwa sai ɗan ya yafe."

Waziri ya warware rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Ni ne bawan." Ya kwashe labari duk ya faɗa, bai rage wa kansa komai ba.

Sarki ya dafa kafaɗar dogari ya miƙe, ya taka da ƙafarsa har bakin ƙofa, jama'a na biye. Ga ɗoɗɗoya nan ta yi kumbu a gindin katanga, inda ya sha wucewa bisa doki ana busa masa algaita. Kusa da ita wata mace na tsugune tana fifita garwashi. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta faɗi ba, ba ta ce ranka ya daɗe ba.

Ta ce, "Baƙo, haka ka koma?"

Ya ce, "Yaya."

Ya zauna a ƙasa. Dogarai suka yi saurin baza riguna don kare shi, da yake ba a ganin sarki yana cin abinci, ya ce su sauke. Tasalla ta tsinko ganye daga shukar uwarsu, ta daka, ta matse lemu, ta zuba a kan kifin yana tsuwa. Sarki ya sa hannu, zafi ya ƙona masa yatsa, ya kai baki. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ce, "Shi ne." Ya cinye kifin nan tas, ya nemi ƙari.

Da ya wanke hannu ya sa aka ɗauko rawanin Waziri, ya ce, "Mayar da abinka, Baba. Kai ka cece ni ina jariri, kai kuma ka kori Inna, duka biyun na sani. Amma laifin ba naka kaɗai ba ne. Kai ka rufe ƙofa, ni kuwa na shekara ashirin ina cewa baɗi. Daga yau a tuge mashin nan. Wanda ya dafa mini abinci mu sa hannu tare, ya ishe ni shaida. Kuma ba a sake korar kowa daga ƙofar nan sai an kawo mini sunansa." Ya ba Tasalla gida da gonar da aka yi alkawari. Ta ce gonar ta karɓa, gida kuwa tana da nata a bakin ruwa, in yana son yaji ya san hanya.

Kwana uku Sarki ya yi yana zaman fada a ƙasa a gindin katangar nan, daidai kwanakin da Inna ta yi, yana sauraron duk wanda aka taɓa mayarwa. Ran na huɗu ya shiga kwalekwale ya je ya tsaya a kan kabarinta. Ya warke, ya yi ƙiba, ya ƙara shekaru masu yawa yana mulki, ƙasa ta zauna lafiya.

Iyakar abin da ya iso gare ni ke nan, sai abu guda da tsofaffin garin ke ƙarawa. Sun ce har ya tsufa, duk ranar da aka zuba masa koren yaji a kan kifi, yakan gutsuri lomar farko ya riƙe, ya ɗan dubi wajen ƙofa. Tasalla in tana kusa sai ta ce, "Ci, Baƙo, ba ya jira." Sai ya ci.